Tankin Alhaji Alkasum da Dirkar Matar Agali

Duk tsufan da na yi, ban manta da ranar da na buɗe bakina na ce wa mai mota "a'a" ba. Na san ku yaran yanzu za ku ce mene ne abin labari a ciki, tun da ku ko ruwan sha aka aike ku sai kun kira taron sandika, ƙungiyarku ta direbobi. To ku yi haƙuri ku saurara, domin a zamaninmu wannan kalma ba ta cikin kayan aikin direba.

Ƙa'idar da muka taras ita ce direba ba ya musu da maigidansa. In ya lafta maka kayan da suka fi ƙarfin mota, ko ya cusa maka abin da jandarma zai ɗaure ka a kansa, sai ka ce, "To, Alhaji." Ka tafi gida ka yi barcinka. Da safe sai mota ta tashi da ciwo. Mu muna kiran wannan pan ɗin direba, wato lalacewar da direba ya ƙirƙira da hannunsa. Ka ɗan sassauta kan batir, ko ka bar iska ta shiga bututun gazuwal, wato man dizal, mota ta yi tari ta mutu. Maigida ya san abin da ake ciki, kai ma ka san ya sani. Sai ya yi tsaki ya ce a rage kaya, nan take mota ta warke, kowa ya tsira da mutuncinsa. Haka muka yi shekaru muna sa ƙarfe yana yi mana ƙarya, kuma abin yana tafiya daidai.

Abin da zan ba ku labari ya faru a Arlit, a shekarun tawayen Abzinawa na farko. Ga wanda bai ga lokacin ba, masifa uku ce ta haɗu a kan gari ɗaya. Farashin uranium ya faɗi, kamfanonin ma'adinai suna ta sallamar ma'aikata. Fari kuma ya riga ya share dabbobin makiyaya, suka kwaso iyalansu suka kafa bukkoki a bayan gari. Sannan ga tawaye, wanda ya sa babu motar da ke bin hanyar Arlit zuwa Agadas ita kaɗai. Sai an tara motoci an yi ayari, sojoji a gaba, sojoji a baya, kuma an hana kowa sauka daga kwalta saboda tsoron nakiya. Direbobi kuwa ga su nan zube a tasha, suna shan shayi da ganyen jiya, kowa yana addu'ar wani ya yi kuskure ya gaji sitiyarinsa. Ni ina da mata, Hadiza, da yara, da gidan haya, saboda haka ina riƙe da nawa sitiyarin da hannu biyu.

Maigidana shi ne Alhaji Alkasum, mutumin Adar daga wajen Tawa. Gajere ne mai tumbi, amma in ya ga dama ya fi ƙadangare saurin shigewa ƙarƙashin mota. Nan ne matsalar take. Alhaji bai gaji arziki ba. Da aparanti ya fara, wato yaron mota, ya yi makanike, ya yi tuƙi, kafin ya mallaki motocinsa. Duk wata dabarar da direba zai yi, shi ya yi wa wani ita tun muna cikin tsumman goyo.

Wata rana kamfani ya yi gwanjon tsofaffin kaya, Alhaji ya dawo yana washe baki ya sayi tanki. Tankin ƙarfe ne na ajiyar ruwa, ƙato, wanda in ka tsaya kusa da shi sai hularka ta faɗi kafin ka ga samansa. A can ƙololuwarsa akwai wani wuya mai murfi, da tsani na ƙarfe a gefe da ake hawa zuwa wurin. Niyyarsa ya kai shi garinsu ya riƙa tara gazuwal. Aka kawo injin ɗaga kaya aka ɗora shi a kan tirelata, aka ɗaure da sarƙoƙi. Na ja da baya na dube shi, sai na san akwai matsala.

Dalili shi ne kuran, wato wutar lantarkin da ke juya ma'adinan Arlit, daga tashar gawayi ta wajen Cirozerin take zuwa, a kan manyan turakun ƙarfe, kuma akwai wurin da wannan layi yake tsallake kwalta. Na wuce ƙarƙashinsa ba adadi, na san tsawonsa da ido. Na kuma taɓa ɗaukar wani ma'aikacin layin, Bitrus, mutumin Maraɗi, wanda ya gaya mini cewa irin wannan waya ba ta jira ka taɓa ta. In ka matso kusa, ita za ta yi tsalle ta same ka.

Na sami Alhaji na rusuna na ce, "Alhaji, kayan nan ya yi tsawo. Akwai babban layin kuran a gabanmu."

Ya ce, "Haruna, tankin ga daga sama yaf faɗo Arlit? Bisa hanya yaz zo, bisa hanya shika komawa."

Na ce, "Ya zo tun kafin a ja layin, Alhaji."

Ya ce, "To ka gani, shi ne babba. Layin shi ba shi hanya."

Na ce to a yanke wuyan, in mun isa a sake liƙa shi. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya tambaye ni ko na taɓa sayen rago marar kai. Daga nan ya kawo tasa dabarar, wadda duk mai jan dogon kaya ya sani. A cikin gari, in kaya ya yi tsawo, ana ɗora mutum a sama da gwafa, wato sanda mai baki biyu. In an zo ƙarƙashin waya sai ya tallafe ta ya ɗaga, mota ta wuce, ya sake ta a baya. Dabara ce mai kyau ga 'yan wayoyin unguwa da ake kunna ƙwai da rediyo. Na yi masa bayanin Bitrus tiryan-tiryan, ya saurara yana sakace, ya ce, "Waya dai waya ta." Ya ɗaga murya ya kira mai gadi.

Mai gadin garejinmu shi ne Agali, Ba'abzine daga Gugaram, dogo siriri, ya girme ni nesa ba kusa ba. A da yana da raƙuma da awaki, fari ya bar shi da rawani da butar shayi. Ba ya yawan magana, Hausarsa kuma ba ta raba mace da namiji. Alhaji ya ce masa ya nemo gwafa, gobe zai hau tanki. To a Arlit ina za ka sami itacen da za ka sara? Washegari sai ga Agali da wata doguwar dirka mai santsi, wadda hannu ya goge har tana ƙyalli. Na tambaye shi inda ya samo ta, ya ce daga bukkarsu ya cire. A wurinsu bukka ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure.

Ya ce, "Matata ya ce a maido masa da wuri. Bukka yana jingine gefe ɗaya."

Na ja shi bayan mota na ce, "Malam Agali, wayar da za mu tarar a daji ba irin ta gari ba ce. Kisa take yi. Kada ka hau."

Ya shafa dirkar, sannan ya nuna mini ƙofar gareji da haɓa, inda wasu masu rawani suke zaune tun safe suna jiran ko za a ce a ɗauki wani abu. Ya kira ni da sunan da suke kiran direba, ya ce, "Shofer, in ni bai hau ba, wancan zai hau. Shi zai ci gadi." Ni ma abin da ya hana ni yi wa Alhaji musu ke nan.

Sai na koma ga al'adarmu. Ranar tashin ayari, tun da sassafe, mota ta ƙi ko da tari. Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, ya saurari yadda makulli ke juyawa a banza, ya naɗe hannun riga, ya nufi batir kai tsaye kamar shi ya sassauta shi. Ya ɗaure, ya goge hannu a gefen rigata, ya ce, "Ta warke." Muka kai bakin ƙofa, ta yi tari ta mutu, domin na tanadi iska a bututu. Ya shige ƙarƙashi da farar rigar, ya fitar da iskar, ya fito yana murmushi.

Ya ce, "Haruna, motar ga ciwonta ya yi yawa yau. Bari in raka ta da kaina." Ya sa aka ɗauko masa jaka, ya hau ya zauna kusa da ni.

Da na ga ƙarfe ya kasa, sai na gwada jikina. Na dafe ciki na ce tun asuba nake zagayawa. Ya zaro wani ƙullin garin magani daga aljihu ya ce in haɗiye a gabansa. Ban san ko mene ne ba, amma har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci. Na haɗiye, na ce na ji sauƙi, domin na ga akwai sauran ƙulli a hannunsa.

Abin haushi, a cikin gari aikin gwafa ya tafi lafiya lau. Agali yana zaune a saman tanki yana ɗaga wayoyi ɗaya bayan ɗaya, mutane suna fitowa daga shaguna suna kallo, har da masu tafi. Duk wayar da muka wuce sai Alhaji ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka gani?" Da muka fita gari Agali ya sauko ya tsuguna a bayan kan mota, ya kwantar da dirkarsa.

Sauran fatana ya rage a kan shugaban sojojin rakiya. Ajidan ne, wato yana sama da saje, yana ƙasa da hafsa, irin waɗanda suka tsufa a cikin kaki ba su da sauran mamaki. Ya zagaya tankin, ya ɗaga kai, ya tambayi ko mene ne wannan. Na yi ta yi masa alama da ido ina kallon sama. Ko bai gane ba, ko ya gane ya ga ba ruwansa. Ya ce, "Ni 'yan tawaye aka ba ni, ba a ba ni awon tsawo ba. Ku koma can ƙarshe kada ku tare wa mutane hanya." Haka muka zama motar ƙarshe, ba kowa a bayanmu sai motar ajidan da babbar bindiga a kanta.

Tafiya muke yi kamar ta jana'iza. Kafin mu iso inda layin yake, rana ta take, kuma waya in ta sha zafi saki take yi ta ƙara saukowa. Motocin gaba duk suka wuce ƙarƙashinta ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa tun daga nesa na ga inda cikinta ya sauko, na ga inda wuyan tankinmu zai bi, na san ba za su rabu lafiya ba. Ina da sauran dabara ɗaya, wani ɗan famfo da na ɓoye a ƙarƙashin kujera saboda ɓarayin mota, wanda in an murɗa shi mai ya daina zuwa. Na sunkuya kamar ina sosa ƙafa na murɗa. Mota ta ɗan ja ta mutu, saura kaɗan mu shiga ƙarƙashin layin. Da inji ya yi shiru sai muka ji wayar tana wani ƙugi kamar gidan zuma.

Alhaji ko dubana bai yi ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerata, ya buɗe famfon, ya ce, "Wanda yak koya maka wanga, ni nik koya mashi. Tada ta." Ya leƙa taga ya ce wa Agali ya hau.

A madubi na ga komai. Agali ya cire takalmansa ya jera su a gefe, ya gyara rawaninsa, ya ɗauki dirkar matarsa ya fara hawa tsani a hankali. A bayansa kuma na ga sojan da ke kan babbar bindiga ya miƙe, ya juyo da bakinta. Ku tuna lokacin da muke ciki. Wannan layi shi ne abin da sojoji suka fi tsaro a duk yankin, ga mai rawani yana hawa wajensa da wani dogon abu a hannu. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron. Na tuna Hadiza da mai gidan haya, na tuna mutanen tasha da ke jiran kujerata. Na sake duba madubi, Agali ya kai sama ya zauna kusa da wuyan, ya ɗora dirkar a cinya yana jiran in ja.

Na ce, "Alhaji, ba zan wuce ba."

Ya ce, "Mi yas samu motar kuma?"

Na ce, "Mota lafiyarta lau. Ni ne na ƙi."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi masa sallama. Na tabbata tun da ya sayi motarsa ta farko ba wanda ya taɓa faɗa masa haka a fuska. Da ya dawo hayyacinsa ya ce in sauka in ba shi sitiyari. Na san in na sauka zai ja da kansa, domin ya iya. Sai na ce, "Zan sauka, Alhaji, amma sai na ajiye maka ita inda kai ma ba za ka iya warkar da ita ba."

Na fitar da kai ta taga na ce wa Agali ya rungumi wuyan nan da kyau. Na tayar da inji, na sa giyar baya, na karya sitiyari. Tirela ta fara gangarawa daga kwalta a hankali. Alhaji ya cire hularsa yana jibga mini a kafaɗa yana kiran sunayen da ba zan maimaita a gaban yara ba. Ƙafafun baya suka taka rairayi, suka nutse, na ci gaba da turawa har na ji cikin tirelar ya zauna daram a ƙasa. Sojojin baya da suka ga ƙarfe mai wannan nauyi ya sauka daga kwalta, tunanin nakiya ya zo musu, suka yi tsalle suka kwanta ruf da ciki. Ba abin da ya fashe sai zuciyar Alhaji. Na kashe inji, na miƙa masa makulli da hannu biyu, na sauka.

Ajidan ya taso yana karkaɗe rairayi daga kakinsa, ransa a ɓace. Alhaji ya riga ni zuwa wurinsa yana cewa a kama ni, na binne masa tirela da gangan. Ajidan ya juyo ya ce, "Da gangan?"

Na ce, "Da gangan, mon ajidan."

Sai a lokacin ya ɗaga kai. Ya dubi wayar, ya dubi wuyan tankin, ya dubi Agali da ke rungume da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi ko mene ne a hannun mutumin. Alhaji ya ce gwafa ce ta ɗaga waya, kamar yadda ake yi ko'ina. Ajidan ya cire hularsa ya sosa kai.

Ya ce, "Alhaji, na riga na gaya wa yaron can mai bindiga, in mai rawanin nan ya ɗaga abin hannunsa sama, ya sauko da shi da harsashi. Da kuma ya kuskure shi wayar ta tsinke, Arlit ta yi duhu, kafin magariba an ce 'yan tawaye ne. Kafin gobe an bi bukkokin bayan gari ana kwasar duk mai rawani. Kai kuwa ba na jin za a sami abin da za a yi wa sallah a jikinka."

Kun san me Alhaji ya ce? Ya tambayi wa zai fitar masa da tirela.

Agali ya sauko, ya sa takalmansa, ya duba dirkar daga sama har ƙasa ko ta tsage. Ya matso ya ce, "An fasa ne?" Ajidan ya nuna masa bindigar, ya maimaita masa umarnin da ya bayar. Agali ya dubi bindigar, ya dubi wayar, ya ce, "Wuta a sama, bindiga a ƙasa. Alhaji bai faɗa mini na biyu ba." Sojoji suka fashe da dariya, har wanda ya yi niyyar harbinsa. Ni ban yi dariya ba, na zauna a kan kwalta.

Ayari ba ya jiran kowa. Ajidan ya ce a kwance tirelar a bar ta nan, kan mota ya bi sahu. Alhaji ya sallame ni daga aiki a tsaye a wurin, a gaban sojoji, ya kuma rantse ba zan sake riƙe sitiyari a Arlit ba. Tun da ba a barin mutum a daji, sai ya zamana shi ke tuƙi, ni ina zaune a kujerar maigida har Agadas. Gaskiya ya iya tuƙi, wannan ba zan hana shi ba. A duk tafiyar sau ɗaya ya yi magana.

Ya ce, "Da ka bari ta yi pan kamar yadda 'yan halas ka yi."

Na ce, "Ta yi ta yi, Alhaji. Kai ne ka yi ta warkar da ita."

Shi kuma tanki ba a barinsa ba mai tsaro, kada maƙera su ji labari. Wa za a bari in ba mai gadi ba? Aka sauke wa Agali ruwa da abinci, ajidan ya ce zai gaya wa masu sintiri cewa wannan mai rawanin na tanki ne. Muka bar shi zaune a inuwar ƙarfen, dirka a cinya.

Kada ku ɗauka an yi mini kirari a tasha. Rantsuwar Alhaji ta kama ni sosai. Masu motoci suka ji labari, aka sa mini suna Mai Binne, duk inda na je neman aiki sai a ce mota tana da direba, ko da kuwa ina ganinta an ɗora ta a kan duwatsu ba taya. Abokan aikina ma wasu suka ce na ɓata sana'a, na koya wa masu motoci cewa duk pan ɗin safe ƙarya ne, kamar da ba su sani ba. Hadiza ta koma suyar ƙosai a inda motocin ma'aikata ke tsayawa da asuba. Ba ta taɓa cewa na yi laifi ba, amma duk ranar da hayaƙi ya cika mata ido takan ce, "Malam, duk Arlit kai kaɗai Allah ya yi wa baki?" Na ji jiki a wannan zama, kuma akwai ranakun da na zagi kaina na zagi Agali na zagi wanda ya ƙera tanki.

Wanda ya fitar da ni wani ɗan kasuwa ne Bakano mai kawo kayan masarufi. Ya kira ni ya tambaye ni ko gaskiya ne a gaban mai ita na binne tirela. Na ce gaskiya ne. Ya ce, "To wanda ya yi wannan a fili ba zai tsotse mini mai a ɓoye ba. Ga makulli." Ban gaya masa cewa lissafinsa bai cika daidai ba, na karɓa na yi godiya.

A tafiyata ta farko na ƙosa in iso wurin. Na tarar an haƙa an janye tirelar, an mirgine tankin a kan rairayi, wuyansa yana nan ba a taɓa ba, domin Alhaji ya ce sai ranar da aka ɗaga layin zai kwashe kayansa. A gefen inuwa ga bukkar tabarmi a tsaye, ga 'yan awaki suna kwance a jikin ƙarfen. Agali ya kwaso iyalinsa ya dawo nan, yana gadin abin da ko 'yan tawaye ba su san yadda za su sace ba. Lokacin ayari ya fara sassauci, na sami damar tsayawa. Ya dafa shayi, muka sha na farko. Ina leƙen cikin bukkar na ga dirkar ta koma wurinta, tana riƙe da rufi.

A kofi na biyu ya ce, "Shofer, ka san ranar nan zan ɗaga. Hannuna ya riga ya tashi."

Na ce na sani.

Matarsa ba ta fito ba. Ta miƙo cuku a cikin faifai ta bayan tabarma, ta faɗi wata magana da harshensu. Na tambayi Agali me ta ce. Ya ce ta ce in ci, kuma in gaya wa Alhaji nan gaba ya ari sandar uwargidansa. Wannan saƙo ban isar ba, amma cukun na cinye.

Tankin ya yi shekaru a wurin har Alhaji ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Magada suka sayar wa masu tsohon ƙarfe, kuma abin da suka fara yankewa shi ne wuyan.

Ga abin da na koya, ku riƙe ko ku zubar. Ban ce ku daina pan ɗin direba ba. Dabara ce ta mutunci, ta raba mu da gidan kaso ba sau ɗaya ba, kuma in magana ta buhun da aka ƙara ce, ku bar mota ta yi muku ƙarya. Amma masu motoci sun san ciwon ƙarfe, da yawansu sun fi ku sanin maganinsa, kuma a wannan sana'a kullum akwai wanda yunwa za ta sa ya hau inda aka ce ya hau. Ranar da kuka duba madubi kuka ga mutum a saman kayanku ya cire takalmi yana jiran ku ja, babu batir ko famfon da zai yi magana a madadinku. Ni sai da na gwada su duka kafin na yi amfani da bakina, kuma a lokacin hannun Agali ya riga ya tashi.